Tsakanin 155 da 166: Yadda Na Zauna da Makin da Ya Ƙi Tsayawa Wuri Ɗaya

Ni haifaffiyar Katsina ce, aure ne ya kawo ni birnin New York, kuma a nan na yi digirina na farko a fannin kimiyyar siyasa. Bayan na kammala sai na samu aikin tafinta a ofishin wasu lauyoyi masu taimakon baƙi da ke neman izinin zama, domin a unguwar Bronx akwai masu jin Hausa da yawa, daga Nijar da Najeriya da zangunan Gana, waɗanda Turancinsu bai kai na tsayawa gaban alƙali ba. A bakin wannan aiki ne sha'awar karatun lauya ta shige ni, saboda sau da yawa nakan hango tambayar da ta dace a yi wa mai matsala, amma tafinta ba shi da hurumin ya ƙara ko kalma ɗaya daga bakinsa. Abin da zan ba da labarinsa a nan shi ne watannin da na yi ina shirin jarrabawar shiga makarantar lauyoyi, musamman yadda makin gwajina ya riƙa hawa da sauka har ya kusa hana ni barci, da kuma abin da na fahimta daga baya game da wannan hawa da saukar.

Dole in ɗan yi bayanin tsarin, don ya sha bamban da wanda muka sani a gida. A Najeriya yaro yana gama sakandare zai rubuta JAMB, ya shiga jami'a ya yi shekara biyar yana karatun shari'a, sannan ya wuce Makarantar Horar da Lauyoyi, ko ta Bwari ko ta Bagauda ko wani reshen, kafin a rantsar da shi. A Amurka kuwa sai mutum ya riga ya mallaki digirin farko a kowane fanni, sannan ya nemi shiga makarantar lauyoyi ya yi shekara uku. Ƙofar shiga mafi yawan waɗannan makarantu ita ce jarrabawar LSAT, wadda hukumar LSAC mai hedikwata a jihar Pennsylvania take shiryawa, kuma tun 1948 ake rubuta ta. Ba a tambayar komai na doka a cikinta. Abin da take aunawa shi ne ko mutum zai iya karanta rubutu mai tsauri ya fahimce shi cikin ƙurarren lokaci, da ko zai iya gane inda hujja ta tsaya da ƙafafunta da inda ta rame. Makinta yana farawa daga 120 ya tsaya a 180. Tsaka-tsakin masu rubutawa suna samun wajen 150 ko ɗan sama da haka, kuma waɗanda suke kai 170 kimanin biyar ne cikin ɗari. Da wannan makin, tare da sakamakon digirin farko, ake yanke mafi yawan hukuncin ɗauka, da shi kuma ake yanke yawan tallafin karatu. Tunda kuɗin makaranta a wurare da dama ya haura dala 60,000 a shekara, mai iyali irina ba zai ɗauki maki ɗaya da wasa ba.

Na fara shiri a ƙarshen 2024, jim kaɗan bayan an sauya fasalin jarrabawar. A watan Agusta na wannan shekarar aka cire tsohon sashen wasa ƙwaƙwalwa da ake warwarewa da zane-zane, sakamakon wata ƙara da masu larurar gani suka shigar wadda aka sasanta a 2019. Abin da ya rage shi ne sashe huɗu, kowanne minti 35: biyu na auna hujja, ɗaya na karatu da fahimta, sai na huɗu wanda ba a lissafa makinsa, hukumar tana gwada sababbin tambayoyi ne da shi, kuma ba a gaya wa mai rubutawa wane ne shi. Akwai hutun minti 10 a tsakiya. Tsofaffin jarrabawoyi na ainihi suna nan a manhajar hukumar mai suna LawHub, da su ake yin gwaji, kuma mutum yana danna maɓallin kammalawa makinsa zai fito.

Gwajina na farko, wanda na yi ba tare da na karanta komai ba, 149 na samu. Watannin farko sun yi daɗi ƙwarai, domin kusan duk Asabar sai in ga ƙari, na wuce 153, na wuce 157, har na taɓa 160. Lokacin gwajin nawa bayan sallar Asuba ne, a kan teburin cin abinci, kafin yara su tashi. In kife waya, in ajiye ruwa a gefe, in kunna kwamfuta. Wata Asabar 163 ya fito, na tashi na yi sujada ta godiya, na yi wa gidan waina da miyar taushe. Asabar da ta biyo baya, a kan teburi ɗaya, a lokaci ɗaya, bayan mako guda na ƙarin karatu, 155 ya fito. Na daɗe ina kallon lambar, na sake loda shafin ko kwamfutar ce ta ruɗe. Daga nan abin ya zama haka: 161, 157, 164, 158, ba tsari ba alƙibla. Da a ce makin ya tsaya cak a 157 da zai fi mini sauƙi, don zan san matsayina in san abin da zan gyara. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban san wace ce ni a cikin waɗannan lambobi ba, mai 164 ce ta gaskiya ranar ta ɓaci, ko kuwa mai 155 ce ta gaskiya sa'a ta ɗaga ta.

Lambar safiyar Asabar ta koma ita ke mulkin gidanmu har mako ya zagayo. Maigidana yakan gane sakamakon daga yadda na rufe kwamfuta, idan ya ga fuskata sai ya kwashi yara ya fita da su ba tare da ya tambaye ni ba. Da na kira Umma na ce mata makina ya faɗi, sai ta ce, "To ke 'yar nan, nawa kika ci cikin ɗari?" Na yi ta ƙoƙarin bayyana mata cewa ba haka ake lissafin ba, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ni dai na san ba ki taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Ki ci abinci, ki yi barci, Allah ya yi miki albarka." Maganar ta sanyaya mini zuciya, amma tsoron yana nan, kuma tsoro ne mai dalili. Kuɗin rajista ya haura dala 200 a kowane zama, ba a yarda mutum ya wuce zama biyar a cikin shekaru biyar ɗin da makin yake aiki ba, ko bakwai a tsawon rayuwarsa, kuma makarantu suna ganin duk makin da aka rubuta masa. Kullum tunanina shi ne, idan ranar jarrabawar gaske ta faɗo a kan irin ranar 155 fa?

Wata lauya a ofishinmu, wadda ta rubuta jarrabawar shekaru da dama da suka wuce, ita ce ta fara warware mini wannan ƙulli. Ta lura da ramar da na yi, da na faɗa mata dalili sai ta ce in kawo mata makin gwaje-gwajena na baya-bayan nan gaba ɗaya. Ta jera su a bayan wata ambulan, ta tara, ta raba, matsakaicinsu ya fito 160. Ta sa na ɗauko na watanni biyu kafin nan, ta yi musu haka, ya fito 156. Ta tura mini ambulan ɗin ta ce in duba da kyau, wai mutumin da ya tashi daga 156 zuwa 160 ba baya yake ci ba. Sannan ta faɗa mini abin da ban taɓa kula da shi ba, cewa ita kanta hukumar ba ta ɗauki makin da take bayarwa a matsayin awo marar kuskure ba. A takardar sakamako, kusa da makin mutum, tana rubuta wani zango na maki uku ko huɗu sama da ƙasa, ma'ana ainihin ƙwarewarsa tana wani wuri a cikin wannan zango, kuma idan ya sake zama gobe ba tare da ya ƙaru ko ya ragu da komai ba, lambar da za ta fito za ta iya bambanta.

Da na koma gida na zauna na yi lissafin da kaina, sai abin ya fito fili. Tambayoyin da ake lissafawa saba'in da 'yan kai ne, su ake juyawa zuwa ma'aunin 120 zuwa 180, don haka a yankin da nake kowace tambaya ɗaya ta kusa maki guda. Sashen karatu yana da rubutu huɗu, kowanne da tambaya biyar zuwa takwas a ƙarƙashinsa, kuma minti 35 ɗin idan aka raba su ba su kai tara ga kowane rubutu ba. Ke nan rubutu ɗaya tak da ya zo mini a murɗe, na karanta sakin layinsa na biyu sau uku, ya isa ya ci mini tambayoyi huɗu a jikinsa, ya kuma cinye lokacin rubutu na ƙarshe. Ga maki shida sun tafi a kan abin da bai wuce shafi ɗaya ba. Haka nan kowace tambaya zaɓi biyar gare ta, ba a rage maki don an kuskure, saboda haka duk wanda lokaci ya ƙure masa yana cankar sauran. Wata rana canka biyu ta faɗa daidai, wata rana babu ko ɗaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ma'auni a kasuwar hatsi ya san buhu ɗaya idan aka auna shi da tiya sau biyu ba lalle adadin ya zo daidai ba, saboda tsororuwar wannan awon ba ta zama ɗaya da ta wancan, alhali geron bai ƙaru ba bai ragu ba.

Sai dai ban yarda a jingina komai ga ma'auni ba, kuma a nan nake ganin wasu masu ba da shawara suna sassautawa fiye da kima idan suka ce wa ɗalibi kada ya damu, haka abin yake. Wani ɓangare na hawa da saukar yana da dalili, kuma dalilin ana iya gano shi. Na buɗe littafi na musamman, bayan kowane gwaji nakan rubuta awa nawa na yi barci, wane irin rubutu ne ya zo, a wane minti na isa tambaya ta goma sha biyar, da nau'in kowace tambayar da na faɗi. Na kuma ɗauki wata hanya da masu wannan shiri suka daɗe da sani: idan na gama gwaji ba na duba maki, sai in koma kan duk tambayoyin da na yi shakka a kansu in sake warware su a natse ba agogo, sannan in buɗe sakamakon in kwatanta amsar farko da ta biyu. Abin da ya bayyana shi ne makina na natsuwa ba ya rawa sosai, kusan kullum yana wajen 169 zuwa 171, na agogo ne kawai yake lilo. Wannan ya nuna mini fahimtar tana nan, saurin fito da ita ne bai zauna ba. Littafin ya kuma nuna cewa ranakun da na faɗi ƙasa sosai kusan duk ranakun da rubutun kimiyya ya zo da wuri ne. Rubutun shari'a ko na tarihi ina shiga cikinsa kamar gida, amma da zarar an fara maganar ƙwayoyin halitta ko duwatsun ƙarƙashin teku sai in riƙa tsayawa a kan kowace baƙuwar kalma, alhali tambayoyin ba ma'anar kalmar suke nema ba, suna neman wa ya ce me, wa ya musa, kuma marubucin yana bayan wa. Na koma barin irin wannan rubutun sai ƙarshe, kuma na lazimci karanta mujallun kimiyya a jirgin ƙasa a hanyar zuwa aiki har idona ya saba.

A sashen auna hujja kuwa, inda na fi zubar da maki shi ne tambayoyin da ke rarrabe abin da ya zama dole kafin wani abu ya faru da abin da ya isa ya sa shi faruwa. Misalin irinsu shi ne a ce duk wanda aka ba izinin zama ya cike takarda kaza, wane ya cike takardar, saboda haka an ba shi izini. Sai a tambaye ka ina ɓarakar wannan magana. A takarda abu ne mai sauƙi, amma idan aka naɗe shi cikin dogon Turanci mai "sai dai idan" da "in ba don" a jere, ga daƙiƙa tamanin da 'yan kai kawai ga kowace tambaya, kai yana juyawa. Baba ne ya daidaita mini wannan, shi da ya yi shekaru yana karantar da fiƙihu a zaure. Da na karanta masa misalin ta waya sai ya ce ai wannan karatun sharaɗi ne, wanda malaman usulu suka ce rashinsa yana kore abu amma samuwarsa ba ta tabbatar da shi. Ya ce, "Wanda sallarsa ta inganta lalle yana da tsarki, amma don kin ga mutum ya yi alwala ba za ki rantse ya yi salla ba." Tun daga ranar, duk tambayar da ta zo da wannan siffa nakan nemi wace ce alwalar wace ce sallar a cikinta, kuma faɗuwata a wannan nau'in ta ragu ƙwarai.

Azumin 2025 ya kama a watan Maris, kuma a cikinsa makina ya sake zamewa zuwa 156 da 157. Wannan karon ban firgita kamar da ba, domin littafin yana gabana: barcin da aka raba gida biyu, tarawihi, girkin buɗa-baki bayan an taso daga aiki. Na dakatar da cikakken gwaji har bayan Salla, na koma yin sashe ɗaya bayan sahur lokacin da kai yake sake. Wannan ya dace da wani abu da na riga na yanke wa kaina, wato ba zan bi masu yin gwaji kullum ba. Jarrabawoyin ainihi adadinsu ƙayyadadde ne, wadda ka riga ka gani ba za ta sake auna ka da gaskiya ba, kuma bitar gwaji ɗaya yadda ya kamata tana cin lokaci fiye da rubuta shi. Wanda ya faɗi yau ya sake zama gobe don ya wanke baƙin cikin jiya, da gajiya da fargaba zai shiga, kuma sau da yawa lambar da za ta fito ta fi ta jiyan muni. Ni gwaji ɗaya a mako na tsaya a kai, idan sakamakon ya yi ƙasa in rubuta shi a layinsa, in sake fitar da matsakaicin biyar na ƙarshe, kuma wannan matsakaicin kaɗai nake faɗa wa duk wanda ya tambaye ni.

Ba zan ce sanin wannan lissafi ya kawar da zafin ba. Ranar da 158 ya fito bayan na saba ganin 164 da 166, cikina ya ɗuri ruwa kamar yadda yake yi tun farko, kuma na yi kuka a kan sallaya ina roƙon Allah idan wannan hanya alheri ce gare ni ya sauƙaƙa ta. Abin da ya sauya shi ne tsawon lokacin da baƙin cikin yake ɗauka. Da yakan ci mako guda, ya koma yini, daga baya ya koma kafin Azahar na riga na buɗe littafi ina neman dalili.

Na zauna jarrabawar gaske a watan Yuni, matsakaicina a lokacin 163. Ana jiran sakamako kimanin mako uku, kuma da ya fito 160 ne. Ya yi mini ciwo, amma yana cikin zangon da na riga na sani, a gefensa na ƙasa, don haka ban karanta shi a matsayin hukunci a kan ƙwaƙwalwata ba. Tun 2006 Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ta koma neman makarantu su riƙa kai rahoton maki mafi girma na kowane ɗalibi maimakon matsakaici, shi ya sa mafi yawansu babban makin suke dubawa, kuma wannan ya sa sake zama ya zama shawara mai ma'ana ga wanda gwajinsa ya nuna yana da sauran ƙarfi. Na huta, na ci gaba da tsarina ba tare da na sauya komai ba, na sake zama da kaka. Gwajin ƙarshe da na yi kafin ranar 159 ya ba ni, na rubuta shi a layinsa na rufe littafin. Sakamakon gaske ya fito 165, alhamdu lillahi.

Akwai abin da har yanzu bai kwanta mini ba a cikin wannan tsari, kuma ina ganin ya kamata duk mai niyyar shiga ya san shi. Ni ce na samu 160, ni ce kuma na samu 165, tsakaninsu 'yan watanni ne, kuma ban isa in ce duk maki biyar ɗin ƙarin ilimi ne ba. Wani ɓangarensu rubutun da ya zo ne da yadda na kwana. Amma makarantu suna wallafa tsaka-tsakin makin ɗaliban da suka ɗauka kowace shekara, masu jera makarantu bisa daraja suna amfani da wannan lambar, saboda haka maki ɗaya sama ko ƙasa da tsaka-tsakin makaranta yana iya raba wanda za a ba tallafi da wanda zai ci bashi, duk da cewa hukumar da ta shirya jarrabawar da kanta tana gargaɗin kada a ɗora babban hukunci a kan ƙaramin bambanci. Na san mutane masu basira da ba su da kuɗin sake rajista ko lokacin ƙarin watanni na karatu, waɗanda aka auna su a ranar da ba tasu ba, suka tafi da wannan lambar. Hukumar tana yafe kuɗin rajista ga masu ƙaramin ƙarfi da suka cika sharuɗɗanta, kuma yana da kyau a nema tun da wuri, don tantancewar tana ɗaukar lokaci.

Na tura takardun neman shiga a watan Nuwamba, tunda mafi yawan makarantu suna duba su ne bi da bi yadda suke isowa, kuma wanda ya yi jinkiri yakan tarar an raba kaso mai yawa na kujeru da na tallafi. Makarantar da na fi so, wadda 160 zai ajiye ni ƙasa da tsaka-tsakinta, ta ɗauke ni da tallafin da ya ɗauke fiye da rabin kuɗin karatu. Na zaɓi shirin yamma mai shekara huɗu maimakon uku don in ci gaba da aiki da rana, kuma za a fara darasi a watan Agusta in Allah ya kai mu.